A Koya Wa Direbobin Tarakta Aikin Sandunan Nan Biyu

Idan damina ta kawo jiki, babu maganar da ta fi yawo a ofisoshin gona da majalisun ƙauye kamar maganar tarakta. Nawa aka sayo, nawa suka lalace, nawa ne kuɗin haya a kowace eka, wa zai samu da wuri, wa kuma zai yi ta jira har ciyawa ta rufe masa gona. Duk waɗannan tambayoyi ne masu muhimmanci, amma akwai wata guda da ba a cika yi ba, alhali kuwa ita ce ke nuna ko kuɗin da aka kashe zai haifi hatsi, ko kuwa zai ƙare a hayaƙi. Tambayar ita ce, shin mutumin da aka ɗora bisa kujerar motar nan ya san aikin sanduna biyun da ke gefen hannunsa na dama?

Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar tarakta irin Massey Ferguson 135 ko 165, waɗanda har yau wasunsu ke huɗa a gonakin Arewa, zai ga sandunan nan biyu suna tafiya bisa wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar baka. Galibin mutane sun ɗauka duka biyun aikinsu ɗaya ne, watau ɗaga garma da sauke ta. Ba haka abin yake ba. Ɗaya tana auna ƙarfin ja ne, za mu kira ta sandar ja. Ɗayar kuwa tana tsai da garma a matsayin da aka ajiye ta, za mu kira ta sandar matsayi. Ra'ayinmu shi ne, duk hukumar da ta sayi tarakta ba ta tabbatar direbanta ya san bambancin waɗannan biyu ba, to ƙarfe kawai ta sayo, ta bar hikimar a can inda aka ƙera shi.

Kafin mai karatu ya yarda da wannan magana, ya kamata ya san irin matsalar da aka ƙirƙiro sandar ja domin a magance.

ASALIN DABARAR

Taraktocin farko, irin su Fordson wadda Henry Ford ya fara fitarwa a Amurka cikin shekarar 1917, jan garma suke yi a bayansu kamar yadda shanu ke ja, an maƙala ta da ƙugiya, tana tafiya bisa ƙafafunta. Wannan ya jawo matsala biyu. Ta farko, idan ana so tayoyi su kama ƙasa kada su riƙa juyawa a banza, dole a ƙera motar da nauyi ƙwarai, nauyin nan kuwa mai yake ci, ga shi yana danne ƙasar gona. Ta biyu ta fi muni. Idan garma ta ci karo da dutse ko saiwa ta tsaya cak, inji kuwa bai daina juyawa ba, sai gaban motar ya tashi sama, ta kife ta baya bisa direba. Manoma da yawa sun rasa rayukansu ta wannan hanya.

Wanda ya warware matsalar wani ɗan manomi ne daga arewacin tsibirin Ailan mai suna Harry Ferguson, wanda aka haifa cikin 1884. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, cikin 1917, hukumar gona ta Ailan ta sa shi zagaya gonaki yana duba yadda ake aiki da taraktoci, domin a ƙara yawan abinci. Abin da ya gani ya tabbatar masa cewa kuskuren yana wurin haɗin tarakta da garma. A ganinsa bai kamata su zama abu biyu ba, kamata ya yi su zama jiki ɗaya, yadda nauyin garma da turjiyar ƙasa za su koma taimakon motar maimakon su zame mata kaya. Shi da abokin aikinsa Willie Sands suka shafe shekaru suna gwaji. Cikin 1926 ya sami takardar mallakar dabarar da ke sa garma ta daidaita zurfinta da kanta, cikin 1933 kuma ya ƙera tarakta ta gwaji wadda aka fi sani da Baƙar Tarakta saboda launin fentinta. Cikin 1936 kamfanin David Brown na Ingila ya fara ƙera irinta domin sayarwa.

Cikin 1938 Ferguson ya nuna wa Henry Ford dabararsa, suka ƙulla yarjejeniya da musafaha kawai, babu takarda, aka fitar da tarakta Ford 9N cikin 1939. Bayan yaƙi na biyu, daga 1946 zuwa 1956, an ƙera ƙaramar taraktar nan mai ruwan toka, TE20, fiye da guda 500,000 a birnin Coventry na Ingila. Da yarjejeniyar musafaha ta wargaje, Ferguson ya kai kamfanin Ford ƙara cikin 1948, aka sasanta cikin 1952 bisa biyansa dala miliyan 9 da dubu 250. Cikin 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, daga nan sunan Massey Ferguson ya samo asali. Shi kuwa ya rasu cikin 1960. Mun kawo wannan tarihi ne domin a ga cewa abin da manyan kamfanonin duniya suka yi shari'ar shekara huɗu a kansa, shi ne muke miƙa wa yaron da bai taɓa samun wanda ya yi masa bayaninsa ba.

YADDA SANDAR JA KE AIKI

A bayan tarakta akwai wurare uku da ake maƙala garma. Akwai hannuwa biyu a ƙasa, su ne ke ja, su ne kuma ke ɗagawa. Akwai kuma sanda guda a sama, a tsakiya, wadda ta taho daga kan garma ta ƙare a bayan kujerar direba. A cikin cikin motar, can ƙarƙashin kujera, akwai famfo a nutse cikin man giya. Famfon yana tura mai da ƙarfi zuwa cikin wata silinda, man ya tura fistin, fistin ya juya wani ƙarfe da ya gitta bayan motar, ƙarfen nan kuma ya ɗaga hannuwan ƙasa. Wannan shi ake kira haidirolik. Man ɗagawa kawai yake yi, ba ya dannawa ƙasa. Idan ana so garma ta sauka, sai a buɗe wa man hanya ya koma, nauyin garmar ya sauko da ita. Abin da ke buɗe hanyar mai ko ya rufe ta wani ɗan ƙaramin bawul ne mai hali uku: ya bar mai ya shiga, ya bar shi ya fita, ko ya tsare shi yadda yake. Duk bambancin sandunan nan biyu yana ga tambaya ɗaya, watau wane ne ke ba bawul ɗin umurni.

A tsarin ja, ƙasar gona ce ke ba da umurnin. Sa'ad da garma ke cikin ƙasa, hannuwan ƙasa suna janta gaba, ƙasa kuma tana riƙe bakinta ta baya. Da yake bakin garma yana ƙasa da inda aka maƙala ta, sai kanta ya nemi tuntsurawa gaba, ya tura sandar sama. Ita kuwa sandar sama ba a jikin ƙarfe tsayayye ta tokare ba, a jikin wani kakkauran sifirin ta tokare. Gwargwadon taurin ƙasa da zurfin huɗa, gwargwadon yadda sifirin ɗin zai matse, kamar dai yadda sikeli ke nuna nauyin buhu. Ɗan motsin nan da sifirin ya yi, wanda da ƙyar ido ke ganinsa, shi ne ke bi ta wasu siraran ƙarafa ya isa ga bawul.

To idan direba ya ajiye sandar ja a wani wuri, abin da ya gaya wa motar shi ne, ga iyakar nauyin jan da nake so ki ɗauka. Garma za ta yi ta nutsewa har turjiyar ƙasa ta kai wannan awo, sa'an nan bawul ya tsare mai. Idan aka shiga wuri mai tauri, ja ya ƙaru, sifirin ya ƙara matsewa, bawul ya saki mai, garma ta ɗago kaɗan har jan ya koma daidai. Idan aka shiga wuri mai laushi, ja ya ragu, sifirin ya saki jiki, mai ya koma, garma ta ƙara nutsewa. Haka abin zai yi ta yi daga wannan bakin gona zuwa wancan, ba tare da direba ya taɓa kome ba.

Manomin da ke huɗa da shanu ya san wannan aiki sarai, ko da ba a taɓa sa masa suna ba. Idan ya ga shanunsa sun fara nishi, wuyansu ya miƙe, sai ya danna hannuwan garma ƙasa kaɗan domin bakinta ya ɗago, idan sun wuce wurin ya sassauta. Hausawa suka ce jiki magayi. Abin da Ferguson ya yi shi ne, ya ba ƙarfe irin wannan ji.

Amfanin bai tsaya nan ba. Duk sa'ad da man nan ya tallafi garma, nauyinta da na ƙasar da ke kanta yana komawa bisa tayoyin baya, ya danna su ƙasa daidai lokacin da suke bukatar kamu. Shi ya sa TE20, wadda nauyinta bai wuce tan ɗaya da ɗan wani abu ba, ta iya yin huɗar da a da sai motar da ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, turin da sandar sama ke yi yana danne gaban motar, saboda haka ba ta samun halin tashi ta kife. A taraktocin Ferguson, idan garma ta bugi dutse da ƙarfi, tsarin yakan saki man gaba ɗaya, nauyi ya bar tayoyin baya, su juya a wuri ɗaya, maimakon garma ta karye.

Sai dai a lura da kyau, sandar ja ba zurfi take aunawa ba, ƙarfi take aunawa. A gonar da ƙasarta iri ɗaya ce, ƙarfi ɗaya yana nufin zurfi ɗaya. Amma a gonar da ta faro daga jigawa ta gangara fadama, garma za ta nutse da yawa cikin rairayi, ta taso sama idan ta iso laka, sai direba ya gyara sandar da hannunsa. Wannan rauni ne na gaskiya, kuma wanda bai san da shi ba zai ce motar ce ta lalace.

YADDA SANDAR MATSAYI KE AIKI

Rauni na biyu shi ne, tsarin ja ba ya da abin cewa idan kayan aikin ba cikin ƙasa yake ba. A TE20 da Ford 9N, waɗanda tsarin ja kaɗai gare su, ba a iya tsai da garma a tsakiyar iska. Ko dai ta tashi har sama, ko ta sauka har ƙasa, domin babu turjiyar da sifirin zai auna. Wannan ya sa aka ƙaro tsari na biyu. Ford 8N, wadda ta fito cikin 1947, ta zo da wata 'yar sanda a ƙarƙashin kujera wadda ake zaɓar ɗaya daga cikin tsarin biyu da ita. Ferguson 35, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1956, ta zo da sanduna biyu a gefen kujera, haka kuma 135 da 165 da suka biyo baya daga 1964.

A tsarin matsayi, ba ƙasa ce ke ba bawul umurni ba, hannuwan ɗagawa ne da kansu. A jikin ƙarfen nan da ya gitta bayan motar akwai wani ƙarfe mai doro, da wata 'yar ƙaramar taya da ke bin doronsa. Duk sa'ad da hannuwa suka tashi ko suka sauka, doron yana tura 'yar tayar, ita kuma ta sanar da bawul inda aka kai. Idan an iso wurin da direba ya ajiye sandarsa, sai bawul ya rufe. Saboda haka kowane wuri a kan bakan nan yana da tsawon da ya dace da shi. A ajiye sandar a tsakiya, kaya ya tsaya a tsakiya. Ko mai ya ɗan zurare, kayan ya fara sauka, tsarin zai ji ya mai da shi inda yake.

Wannan shi ne abin da ake bukata ga duk kayan da ke aiki a bisa ƙasa: injin watsa takin zamani, injin feshin magani, injin yankan ciyawa, ɗaukar garma a kan hanya, da kuma lokacin da ake maƙala kaya ko cire shi. Injin feshi da ke hawa yana sauka zai ba wata shuka magani fiye da kima, ya bar wata babu.

Amma idan aka yi huɗa da shi, ga abin da ke faruwa. Garma ta zama a ƙafe a jikin motar, motar kuwa lilo take yi bisa tayoyinta na baya. Idan tayoyin gaba suka faɗa kwari, bayan motar ya tashi, garma ta fito waje. Idan suka hau tudu, garma ta nutse fiye da kima. Gonakinmu kuwa cike suke da kunyoyin bara, tarakta na hawa tana sauka a kansu. Sakamakon shi ne huɗa mai tsalle-tsalle, nan zurfi, can karce. Idan kuma aka iso wuri mai tauri, babu abin da zai ɗago garmar, babu nauyin da zai koma bisa tayoyi. Sai tayoyi su kama juyawa a wuri ɗaya, direba ya ƙara wuta, baƙin hayaƙi ya tashi, roba ta cinye, mai ya ƙone, gona kuwa tana nan yadda take. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Ƙa'idar dai gajera ce. Abin da ke shiga cikin ƙasa, irin garma da rija, aikin sandar ja ne. Abin da ke aiki a sama, aikin sandar matsayi ne. Kayan da ke da ƙafafunsa na auna zurfi kuwa, a sauke hannuwa gaba ɗaya a bar shi ya bi ƙasa da kansa. A kan 135, idan za a yi aiki da ɗaya daga cikin sandunan, sai a kai ɗayar wurinta na sama a bar ta can. Tana kuma da wani ɗan makunni a gefen akwatin giya wanda ke daidaita saurin saukar garma. Kowane kamfani da yadda ya jera nasa, shi ya sa littafin da ke zuwa tare da motar bai kamata ya ƙare cikin durowar ofis ba.

ABIN YA WUCE MAGANAR KUƊI

Wanda bai san aikin sandar sama ba, ba zai ga laifin musanya ta da sarƙa ko igiya idan ta ɓata ba. Sarƙa kuwa tana ja ne, ba ta turi. Ranar da aka yi haka, tsarin ja ya mutu, abin da ke danne gaban motar kuma ya tafi. Mafi haɗari shi ne a ɗaura igiya a wurin maƙala sandar sama, ko wani wuri da ya ɗara tsakiyar tayoyin baya tsawo, domin a tumɓuke kututture ko a jawo motar da ta kafe. Yin haka komawa ne ga haɗarin da Ferguson ya yi shekaru yana yaƙa. Masana kiyaye haɗarin gona sun lissafa cewa tarakta mai tashi ta gaba takan kai inda ba ta komowa cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafar direba ta isa kuloci. Galibin tsofaffin taraktocin nan kuma ba su da ƙarfen kariya a bisa kan direba. Ja yana da wurinsa, watau ƙarfen jan tirela da ke can ƙasa.

Haka nan, maƙala garma alhali motar na kan tsarin ja ganganci ne, domin ɗan turin da za a yi wa sandar sama yana iya sa hannuwa su zabura, ga kuwa yatsun mutum a wurin. Shiga ƙarƙashin garmar da aka ɗaga ba tare da an tokare ta ba shi ma haka ne, tun da mai ne kaɗai ke riƙe da ita.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Wani zai ce wannan magana ce ta bakanike, ina ruwan ma'aikacin ofis da ita? Amsa ita ce, ma'aikacin ofis ne ke rubuta takardar sayen tarakta, shi ke ɗaukar direba, shi ke sa hannu a takardar mai da ta tayoyi, shi kuma ke karɓar koken manomi. Jami'in da ya san abin da muka bayyana yana iya tsayawa a bakin gona na minti biyar ya gane ko aikin na tafiya daidai. Yana iya sa a ɗaga garma a kashe inji, ya tsaya daga nesa ya ga ko za ta sauko da sauri, alamar mai na zurarewa a silinda. Yana iya zaro ma'aunin man giya ya ga ko man ya yi fari kamar madara, alamar ruwan sama ya shiga, ga shi kuwa man nan ne famfo ke sha. Wanda bai san kome ba, duk abin da aka rubuto masa sai ya sa hannu.

Wani kuma zai ce waɗannan tsofaffin ƙarafa ne, zamaninsu ya wuce, taraktocin yanzu da lantarki suke aiki. Gaskiya ne cewa manyan taraktoci sun koma auna ja a hannuwan ƙasa, domin doguwar garma mai nauyi ba ta tura sandar sama yadda ƙarama ke yi. Gaskiya ne kuma cewa tun shekarun 1980 na'urorin lantarki suka fara maye gurbin sifirin da siraran ƙarafa, har direba yana iya gauraya tsarin biyu da ɗan makunni, abin da ke rage matsalar jigawa da fadama. Amma tambayar da na'urar ke yi wa direba ba ta sāke ba: ƙarfin ja kake so in bi, ko matsayi? Wanda bai gane ta a kan tsohuwar mota ba, inda yake iya ganin sifirin da idonsa ya taɓa shi da hannunsa, ba zai gane ta a kan allon kwamfuta ba. Har wa yau, ƙananan taraktoci da yawa da ake sayarwa a yanzu da sandunan nan biyu suke zuwa.

Na uku zai ce ai direba yana koyo da aiki. Yana koyo mana, amma abin da ya ga maigidansa na yi shi yake koyo, idan maigidan bai sani ba, rashin sanin ne za a gada. Abin da ke faruwa cikin akwatin ƙarfe ba a ganinsa daga kan kujera, sai an faɗa wa mutum. Akwai kuma direbobin da suka iya aikin ƙwarai, hannunsu ya san abin da bakinsu ba zai iya bayyanawa ba. Waɗannan su ne ya kamata a nemo a mai da su malamai.

Ƙasar nan ta daɗe tana zuba dukiya a kan motocin noma. An yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, an yi shirin bunƙasa noma na 1980, an harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, ma'aikatun gona na jihohi kuma sun buɗe sassan ba da hayar tarakta. Duk da haka galibin manomanmu har yanzu da fartanya da garmar shanu suke noma. Dalilan suna da yawa, akwai rashin kayan gyara, akwai tsadar mai, akwai ƙanƙantar gonaki, ba kuma za mu ce sanduna biyu ne suka jawo duka ba. Amma a cikin dalilan nan, rashin horo shi ne wanda maganinsa ya fi araha.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, duk kwangilar sayen tarakta da gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma za ta bayar, a rubuta cikinta cewa mai kawowa zai horar da direbobi a gona, da garma a maƙale, kafin a biya shi cikon kuɗinsa.

Na biyu, kada a ɗauki direban tarakta don kawai ya iya tuƙi a kan titi. A kai shi gona, a ce ya yi huɗa da sandar ja, ya tsai da garma a tsakiya da sandar matsayi, ya kuma faɗi dalilin kowanne.

Na uku, cibiyoyin binciken noma da na wayar da kan manoma, irin waɗanda ke Samaru a Zariya, su fitar da ɗan littafi da Hausa, mai zane, a kan wannan batu, a kuma liƙa taƙaitaccen bayani da Hausa a gefen sandunan, domin rubutun da ke wurin da Turanci yake.

Na huɗu, a daina auna aikin haya da faɗin gona kaɗai. Direban da ake biya bisa yawan eka, ribarsa tana cikin sauri, sauri kuwa yana cikin karce. A amince da zurfin huɗa tun kafin a fara, manomi ya riƙe ɗan karan da aka yanka daidai wannan awo, ya soka a wurare daban-daban kafin ya biya.

Na biyar, ga makarantun koyon aikin gona da na koyon sana'a. Matattun taraktocin da ke jibge a harabar ma'aikatu suna tsatsa, kada a sayar da su duka ga masu gwangwan. A ba kowace makaranta guda, a buɗe murfin da ke ƙarƙashin kujera, ɗalibi ya tura sandar sama ya ga bawul na motsi. Darasin awa ɗaya irin wannan ya fi zane goma a kan allo.

Ɗalibanmu kuma su lura da cewa wanda ya kawo wannan canji ba daga babbar jami'a ya fito ba. Ɗan manomi ne da ya tsaya a gona ya dubi abin da ke ɓata aiki, ya ƙi yarda cewa maganinsa shi ne a ƙara nauyi da ƙarfi. Mu ba ƙirƙirowa aka ce mu yi ba, an riga an ƙirƙiro, an ɗora mana a gefen kujera. Abin da ya rage shi ne mu koya, mu kuma koyar, tun kafin ruwan shuka ya sauka.